Layin Baba ya canja suna sau biyar, yanzu nawa ma ya koma T2, wai meye dalili?

Ɗan_Fagge:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar waya ku warware min wani abu. Jiya da daddare muna zaune a tsakar gida Baba ya ce in tura masa kati a layinsa na Celtel, sai ƙanwata auta ta ce Baba meye kuma Celtel, ya ce ke tafi can layin nan ya girme ki nesa ba kusa ba. Layin 0802 ne, ya ce tun yana Econet ya saye shi da kuɗin da a lokacin za su sayi rago, kuma har yau bai taɓa canja lamba ba, sunan ne kawai yake ta juyawa, shi kuma a Celtel ya tsaya ya ce ya gaji da haddar sababbin sunaye.

To ni abin ya tsaya min a rai ne saboda nawa layin 0809 ne, na saye shi yana Etisalat, na wayi gari 9mobile, yanzu kuma an ce T2. A kan layin nan alat ɗin bankina yake shigowa, da shi na yi BVN, da shi na buɗe WhatsApp ɗin da kwastomomina suke nemana. Tambayata ita ce wai in kamfani ya canja suna sayar da shi aka yi ko haɗewa ya yi da wani ko kuwa gudun bashi ne kamar yadda wani abokina yake cewa? Kuma ni mai layi akwai abin da zan yi asara, in fara shirin sauya lamba tun da wuri ko in zauna? Na gode.

Tsohon_Mai_Kati:

Wa'alaikassalam ƙanena. Ka gaida Baba, ka ce masa ba shi kaɗai ba ne, ni har gobe akwai tsohuwar da take aiko jikanta da ɗari biyu a ba ta katin Zain.

Ni a ƙarƙashin lema na fara sana'ar nan, tebur ɗaya da kujerar roba da waya guda biyu ana kira ana biya, saboda haka duk canjin nan a kan idona aka yi shi. Farkon 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisi, kowane kamfani dala miliyan 285, watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Econet na wani ɗan Zimbabuwe ne Strive Masiyiwa amma yawancin kuɗin na 'yan Najeriya ne, har da gwamnatocin jihohin Legas da Delta da Akwa Ibom suna da hannun jari a ciki, to ka san an ce kuɗi masu raba 'yan uwa, rigima ta ɓarke tsakaninsu, 2004 aka kira Vodacom na Afirka ta Kudu su riƙe, su kuma ko wata uku ba su yi ba suka tattara nasu ya nasu suka koma, sai aka sa masa Vmobile. 2006 Celtel ta saya, 2008 ya koma Zain, ƙarshen 2010 ya koma Airtel. Ka ƙirga, canji biyar kenan cikin shekara goma.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne duk canjin suna mu 'yan ƙasa muke fara ji a jikinmu. Za ka ga mota ta zo da yara sanye da sababbin riguna ana kiɗa ana raba hula, a ce a naɗe tsohuwar lema ga sabuwa. Wanda yake da ido a wajen dila ya samu lema biyu da tebur, wanda ba shi da kowa ya zauna da tsohuwar launin da ya shuɗe, kwastoma ya zo ya kalli lemarka ya kalli katin hannunka ya ce anya wannan katin bai lalace ba. Wallahi akwai lokacin da na yi sati biyu ina rantsuwa a kan katin da lafiyarsa ƙalau, don kawai tambarin da ke jiki na jiya ne, sai na kankare na loda wa mutum da hannuna ya ga kuɗin sun shiga sannan ya biya.

Akwai wani daga cikinsu ba zan kama suna ba, lokacin na samu shago, suka zo suka ce za su yi min fenti kyauta gaba da gefe, na yi murna, aka shafe shagon tas da launinsu har mai gidan haya ya yi min magana. Ba a rufa shekara biyu ba aka ce an sayar, suna ya canja. Na jira masu fenti su dawo shiru, na je ofis aka ce sunana ba ya cikin takarda, ƙarshe da kuɗina na sayi farin fenti galan ɗaya na shafe, har yanzu in damina ta yi nisa tsohon rubutun yana leƙowa ta ƙasan farin kamar fatalwa.

Amma batun lamba ka kwantar da hankalinka, duk wannan juyin ban taɓa ganin wanda lambarsa ko kuɗin cikin layinsa suka ɓata saboda canjin suna ba. Glo ne kaɗai tun da ya zo 2003 yake nan da sunansa da korensa, shi ma don mai shi Mike Adenuga bai sayar ba ne, sai MTN. Kuma kar ka manta Glo ɗin ne ya zo da lissafin sakan, kafin nan naira 50 ne minti ɗaya ko sallama kawai ka yi ka kashe an cire.

Injiniya_Kawo:

Baba Mai Kati ya gama tarihi, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora daga ɓangarenmu na masu hawa ƙarfen sabis.

Ɗan Fagge abu uku ne mutane suke cakuɗawa wuri ɗaya. Akwai saye, wato kamfanin yana nan yadda yake mai shi ne ya canja. Akwai haɗewa ta gaske inda biyu suke zama ɗaya. Akwai kuma wanda mai sunan ne ya janye sunansa ya bar ka da kamfani ba suna. Layin Baba kusan duk saye ne. Celtel ɗan Sudan ne ya kafa shi, Mo Ibrahim, ya sayar wa wani kamfanin Kuwaiti mai suna MTC a 2005 kan dala biliyan 3.4, to ka ga lokacin da Celtel ya shigo Najeriya ma ya riga ya zama na Larabawa sunan ne kawai ba su taɓa ba tukuna. Daga baya MTC ɗin ya sa wa kansa Zain, kalmar Larabci ce mai nufin kyau, sai ya ga ba zai yiwu yana Zain a Gabas ta Tsakiya yana Celtel a Afirka ba, talla biyu kuɗi biyu, sai aka mayar da kowa Zain. A 2010 Bharti na Indiya ya sayi harkar Zain ta ƙasashen Afirka 15 kan dala biliyan 10.7, shi kuma sunan da yake aiki da shi a gida Airtel ne. Sudan ba ta cikin cinikin shi ya sa in ka je can har yanzu Zain ne.

Naka kuma kashi na uku ne. Kamfanin da yake riƙe da lasisin tun 2007 sunansa EMTS, sunan Etisalat na mutanen Abu Dhabi ne, aronsa ake yi da yarjejeniya don suna da hannun jari a ciki. A 2013 kamfanin ya ci bashin dala biliyan 1.2 a hannun bankuna 13 don faɗaɗa sabis, sai naira ta faɗi a 2016, kai kana karɓar kuɗin kati da naira bashi kuma lissafinsa da dala, biya ya gagara. 2017 bankuna suka taso, CBN da hukumar sadarwa NCC suka shiga tsakani don kar layin mutane ya mutu, Larabawan suka zare hannu suka ce a cire musu suna cikin 'yan makonni, a watan Yuli aka sa 9mobile, daga 0809 ɗin nan aka ɗauko taran. Saboda haka maganar abokinka ta gudun bashi ba haka take ba, bashi ba ya bin sunan da ke kan allon talla, yana bin kamfanin da ya sa hannu a takarda, ko sau goma ka canja fenti banki ya san gidanka. 2018 Teleology suka karɓa, 2024 wani kamfani LH Telecommunication ya sayi mafi yawan hannun jarin, Agustan 2025 aka koma T2, kore ya koma ruwan lemo.

Haɗiya kuma ita ce irin ta Visafone, MTN ya saye shi farkon 2016, shi ba wani sabon suna da aka yi, ɓacewa ya yi gaba ɗaya, abin da MTN yake so a jikinsa zangon 800MHz ne da zai yi 4G da shi. A irin wannan ne mai layi yake ɗan shan wahala don Visafone CDMA ne, wayar ma daban take, dole a canja maka sim.

Yanzu abin da zai ba ka mamaki, wayarka ba ta san suna ba sam. Lambar ƙasa da ta kamfani take nema. Najeriya 621 ce, Airtel 20, MTN 30, Glo 50, naka 60. Sim ɗin Baba tun yana Econet 621 20 yake nema har yau, sunan da kake gani a saman allo rubutu ne kawai da aka ajiye a cikin sim ko a cikin wayar ko sabis ya turo, shi ya sa wata tsohuwar Nokia za ka sa mata sabon sim ta rubuta maka sunan da aka binne shekara goma sha.

Ƙarfen sabis ɗin ma da kake gani a unguwa yawanci ba nasu ba ne yanzu. A 2014 MTN da Etisalat suka sayar wa IHS, kamfanin da yake ba da hayar ƙarfe, dubban ƙarafunansu, Airtel ya sayar wa American Tower, suka koma 'yan haya. Ƙarfe ɗaya za ka hau ka tarar da eriyar kamfani uku a jere, janareto ɗaya yake ba su wuta, maigadi ɗaya, in dizal ya ƙare ko ɓarayi suka kwashe batir duk tare suke ɗaukewa. Ni na yi aiki a wani sayit da aka canja allon bakin get sau uku, maigadin yana nan da butarsa da rediyonsa, janareton ma shi ne dai mai tari da asuba. Shi ya sa in an ce min an canja suna sabis zai gyaru nake cewa a nuna min kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa tukuna. Abin da ya fi sunan T2 muhimmanci a wurinka shi ne yarjejeniyar da suka yi da MTN a 2025 ta hawa kan sabis ɗinsa inda nasu bai kai ba, wannan ita ce za ka iya ji a wayarka.

Bamaraɗe:

Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, muna lahiya. Ai mu ma nan Nijar ba a bar mu baya ba. Celtel ɗin nan da Zain da Airtel tare muka sha su da ku, don uwar kamfanin guda ce. Telecel ya koma Moov, mutanen Maroko suka saye shi hannun Etisalat, farkon 2021 suka ƙara mishi Africa ya zama Moov Africa. Haɗewar da Injiniya yake faɗi kuma mun gan ta ga kamfanonin gwamnati, Sonitel mai talhon waya ta gida da Sahelcom mai salula, 2016 aka game su wuri guda aka ce Niger Telecom.

Amma wanda ya fi ba mu labari Orange ne. Na Faransa ne, ya zo 2008, ƙarshen 2018 aka yi rigimar haraji har aka rufe musu ofis, 2019 suka sayar wa abokan hulɗarsu na nan suka tafi, bayan kamar shekara guda aka sa mishi Zamani Telecom. Kun ga dai suna ne na Hausa tsantsa, ko tsohuwa ta ƙauye ba ta buƙatar a fassara mata, amma wallahi ka tsaya bakin kasuwa ka saurara, rabin mutane Oranji suke cewa har yanzu. Ni kaina in zan sayi kiredi na jika guda bakina Oranji yake fara kamawa sannan in gyara.

Abin da ni nike kewa lokacin Celtel da Zain shi ne tsarin nan nasu na One Network, ka ƙetare iyaka da layinka ka ci gaba da amsa kira kamar kana gida. Mu masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina wannan ya fi mana kowane launi. Yau aljihuna waya biyu sim huɗu, in na wuce Dan Isa sai in fara duba wace ce ta kama rezo.

Zango_Kumasi:

Sannunku. Mu a Ghana in aka fara wannan lissafi sai dare. MTN na nan da Spacefon ne, ya koma Areeba, 2007 ya zama MTN. Tigo da Mobitel ne sannan Buzz. Ghana Telecom mai One Touch, Vodafone suka sayi kashi 70 a 2008, suka zauna shekara goma sha, 2023 suka sayar wa Telecel, amma sunan Vodafone bai sauka nan take ba sai 2024, wato maganar Injiniya ce ta aron suna, an ba su lokaci su shirya.

Haɗewa ta gaske kuma ita ce Airtel da Tigo a 2017. Kowa ya ƙi yarda sunansa ya mutu sai aka manna su AirtelTigo, ja da shuɗi a allo ɗaya kamar an ɗinka riga da yadi biyu. An ce in sun haɗu za su iya ja da MTN, ba a je ko'ina ba duka biyun suka bar wa gwamnati a 2021, 2023 aka yanke sunan ya koma AT kawai. A nan kam mutane sun fi damuwa da kuɗin da ke cikin waya, don mu komai da momo ne, wato ajiya da tura kuɗi ta layin waya, ranar da aka ce Vodafone Cash zai koma Telecel Cash na ga mata a Aboabo sun yi layi wurin mai rumfa suna cire kuɗinsu kaf, ya yi ta ce musu ba abin da zai samu kuɗinku, suka ce to mu dai ba mu a hannu ma dawo.

Maman_Hanan:

Ni dai ku yi haƙuri duk wannan biliyoyin da kuke lissafawa ba su dame ni ba. Kuɗin da ake kashewa a fenti da allon talla da mawaƙa ranar buɗe sabon suna daga ina suke fitowa in ba daga katin da muke sakawa ba? Janairun 2025 NCC ta yarda a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data, ban ga wanda ya ce shi sabon suna gare shi zai yi mana ragi ba. Ina sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa sai na fita bakin rijiya na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, kuma layi biyu gare ni duk halinsu ɗaya.

Abu ɗaya da na gode masa shi ne da aka haɗe lambobin nan, *310# duba kuɗi *311* loda kati *312# data a kowane layi, da can kowanne da nasa har a bangon kicin na rubuta su da gawayi.

Ɗan Fagge shawarata kar ka yar da lambar da banki ya sani. Ƙanina ya ajiye nasa ya yi tafiya wata da watanni bai sa kati ba bai yi kira ba, ya dawo ya tarar an sayar wa wani, alat ɗinsa yana shiga wayar baƙo, sai da ya yi sati yana zarya. Wannan shi ne abin tsoro ba canjin suna ba.

Injiniya_Kawo:

Hajiya ta faɗi gaskiya a batun ajiye layi. Ƙari kawai, in sabis ɗin ne ya ishe ka ba sai ka rabu da lambar ba, tun Afrilun 2013 ana iya ƙaura da lamba. Ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da katin shaidarka da layin a hannu, NIN ɗinka ya zama a haɗe kuma sunanka ne a rijistar, za su cike fom su sa ka tura PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim da 0809 ɗinka yadda take. Kyauta ne amma kuɗi da datar da suka rage a tsohon layin ba sa bin ka, ka cinye abinka kafin ka je. Shi ya sa ma yanzu ba a gane layin mutum da farkon lambarsa, ina da abokin da lambarsa 0803 ce amma shekara biyar kenan ba ya MTN, kullum sai an tura masa katin da ba zai shiga ba.

Ɗan_Fagge:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Mai Kati da Injiniya da Hajiya da 'yan uwanmu na Maraɗi da Kumasi. Zan ɗan ƙara wata biyu in ga yadda sabis ɗin zai kasance a shago kafin in yanke shawarar ƙaura.

Na karanta wa Baba duka bayan sallar isha'i, da na zo wurin Vodacom ya ce ƙarya ne shi layinsa bai taɓa zama wannan ba, na ce Baba wata biyu ne kawai, ya ce to lokacin yana Saudiyya. Sai ya tashi ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin ƙarfensa ya ɗauko min kwalin da sim ɗin ya zo a ciki, shuɗi, da lambar PUK a baya da rasit ɗin a naɗe a leda. Injiniya tambaya ɗaya ta ƙarshe, sim ɗin nasa babba ne irin na da wanda ba a yanka ba, yaya ya sayo masa sabuwar waya mai 4G tun Sallah tana cikin kwali ya hana a taɓa, ya ce in aka yi masa welcome back, wato aka canja masa sim a kan lambarsa, za a goge masa lambobin abokansa da suka rasu. Akwai yadda za a kwashe su kafin a je ofis?